Mai Shayin Jirgin Fito

Baƙo, naɗe takardar nan ka sa aljihu.
Na leƙa: abu goma a kwana biyu!
Wa ya ce maka ana shan Santambul a tsaye?
Zauna nan gefen taga, karɓi shayi,
kama kofin ta baki, cikinsa da zafi.
Ni ne Nevzat. Shekara talatin da ɗaya
ina yawo da faranti a kan ruwa.

Na farko ka riga ka yi ba ka sani ba:
ka shigo jirgin fito.
Kafin shayinka ya huce ka bar Turai ka taka Asiya,
ba biza, ba jami'i, ba tambaya.
Sayi burodin nan mai kama da gammo, mai riɗi a jiki,
ci rabi, rabin ka gutsuttsura ka wurga sama.
Tsuntsayen teku ba sa bari ya taɓa ruwa.
Akwai wani mai ƙafa ɗaya, na san shi,
shi ma ya san ni, amma ba ma gaisuwa.

In ka dawo, bi ta gadar Galata da la'asar.
Masu ƙugiya sun jeru kamar sahun salla,
kowa da bokitinsa, kowa da ƙaryarsa.
Nemi Sabri mai hular ulu. Suna linzami:
ya bar aikin gidan waya ya koma jiran kifi,
wai duk jira ne, wannan dai da iska mai daɗi.
Kada ka tambaye shi nawa ya kama.
Tambayi wanda ya kuɓuce,
ka sha labari har rana ta yi faɗuwa.

Can gindin gadar ana gasa kifi a tusa a burodi,
ɗanyar albasa, matsin lemun tsami.
Sunkuya ka ci, mai zai ɗiga.
Rigar da ba ta ɓaci ba, ba ta zo garin nan ba.

Babbar Kasuwa kuwa, je ka ɓata.
Da gangan na faɗa.
Mai darduma zai ce kai ɗan uwansa ne,
ya dafa ƙirji, ya rantse ko uwar kuɗi bai mayar ba.
Sha shayinsa, taya rabi, ka juya baya.
In ya biyo ka, ciniki ya faɗa.
In bai biyo ba, ka sha shayi kyauta,
ina abin damuwa?

A masallaci cire takalmi ka ɗaga kai
har wuyanka ya yi tsami. Hoto ya jira.
Wadda za ka tarar a bakin ƙofa ta riga liman zuwa,
ka tsallake ta a hankali, kyanwa ce.

Na bakwai a jerinka, hasumiya.
Ga ta can, kamar fensirin da aka fiƙe.
Sau goma sha biyu a yini nake ganinta,
ban taɓa hawa ba.
Gulizar ta ce in kai ta tun lallen aure bai goge ba.
Na ce bari layi ya ragu,
bari baƙi su koma garinsu,
bari yara su gama makaranta.
Yara sun gama. Baƙi ba su koma ba.
Yanzu gwiwarta ba ta son tudun da ke kaiwa ƙofar.
Ta ce ta yafe, tana tsintar shinkafa, ba ta ɗago ba.
Yafewar nan ce ke hana ni barci.

To kai ka hau. Bi layin, komai tsawonsa.
In ka kai sama, nemi farin jirgi mai jan kumfa a baya.
Gobe ka shigo na ƙarfe tara ka gaya mini
yadda nake daga can,
ko ana hango wani gida a Uskudar
mai shuɗin zani a igiyar shanya.
Zan kai mata labarin da zafinsa.

Ga gaɓa. Kama ƙarfen nan, jirgin zai ɗan yi karo.
Ajiye kofin a kan benci, mai da kuɗinka.
Gobe ka biya ni da abin da ka gano.