Mai Fotokofi na Bakin Lise

Shagona bai fi akurkin kaji ba,
yana jingine da katangar lise a unguwar Zariya.
Inji ɗaya, fanka ɗaya mai juyi kamar an yi mata dole.
Dala biyar shafi, ba bashi:
haka na rubuta a ƙofa,
ni da na rubuta ma ba na karantawa.

In sakamakon bak ya fito, damina ta zauna,
sai su zo da takardu a leda kar ruwa ya taɓa,
ta haihuwa, ta ɗan ƙasa, hoto huɗu,
da waccan mai maki, wadda suke miƙo mini a kife.
Inji ba shi da kunya.
Haske ya wuce sau ɗaya, na gama gani.

Barira ta zo ran Talata, sha shida da ɗoriya.
Ubanta Sahabi na bayanta, taɓon Jiratawa a dugadugansa,
ya kwance bakin riga ya zubo kuɗin tamakka,
silalla masu sanyin rijiya.
Ya ce, burus ɗin nan, mu za mu biya ko su?
Na ce su, in sunanta ya fito.
Ya yi dariya har ya dafa injina:
tunda uwata ta haife ni ban ji an biya mutum
don ya zauna a inuwa ya duba takarda ba.

Ilu ya fi ta da rabin maki.
Amma takardar haihuwa ta ce Iliya,
ta makaranta ta ce Iliyasu.
Baƙi biyu kacal, ko akuya ba su kora,
sun tsaya masa a ƙofa kamar dogarai.
Ya je meri, an ce kotu.
Ya je kotu, an ce mai sa hannu ya tafi Tibiri gaisuwar mutuwa.

Ranar rufe dosiye kuran ya ɗauke da hantsi.
Layi ya kai wurin mai kabu-kabu.
Na ja janareto sau tara, igiya ta tsinke a hannuna,
wata yarinya ta ciro zaren ɗaurin ledarta ta ba ni.
Bai yi ba, amma na gode mata.
Da azahar wuta ta dawo, muka yi ta buga mafarkin mutane
baƙi da fari, gefe ɗaya duk ya dushe.

Akwai aljihun tebur da ba na buɗewa gaban kowa.
Nawa dosiyen na ciki, shekara goma sha tara,
tambur ɗinsa bai ko ɓare ba.
Kwata na maki ya rage mini.
Kwata! Abin da mai awon gero ke share wa da yatsa.

Suna ya fito bayan an cire gyaɗa.
Barira ta arba'in da ɗaya, likitanci, Yamai.
Ta zo a guje, takalmi ɗaya a hannu,
ta ce in buga mata shafin, baba na son abin riƙewa.
Na buga biyu. Ɗaya na sa a aljihun nan, kan nawa.
Ban karɓi dala biyar ba, ta ajiye ta gudu.

Ilu yana zaune a bencina tun safe.
Kotu ta gyara sunan, sati uku bayan an rufe.
Ya ce baɗi zai sake.
Na ce Allah ya kai mu, matso nan,
in nuna maka yadda ake zaro takarda
in inji ya shaƙe,
a hankali, kar ta yage.