Gidan Fatalwa da Rana Tsaka

Ku matso, an kunna fitilu.
Sunana Loretta. Shekara goma sha tara ke nan
ina mutuwa a ɗakin nan duk daren Oktoba,
gari ya waye in kai jikata makaranta.

Dala talatin kuka biya don ku leƙa bayan labule,
to, ranar wanka ba a ɓoyon cibi.
Bangon kabarin nan katako ne,
toka-toka aka shafa kan baƙi.
Ƙwanƙwasa, yaro. Ka ji? Fanko.

Jinin da ya sumar da wani ƙato bara
ruwan sikarin masara ne da jan kala.
Ƙudaje sun riga kowa gano mu.
Saƙar gizon can gam ne, aka narka aka busa.
Gizo na gaske in ya yi tasa, sharewa muke,
ba ta fita da kyau a shuɗin haske.

A kula da kafet.
Akwai faranti a ƙasa: ka taka,
iska ta bi tiyo, murfin akwati ya ɗaga,
gawa ta tashi zaune tana dubanka.
Soso ce, kilo huɗu.
Madam Prudence muke ce mata,
rigar jikinta labulen kicin ɗina ne na da.

Yanzu ta wannan tsagar, ɗaya bayan ɗaya,
mai tumbi ya karkace.
Nan dodanni ke shan iska:
kujerar roba, butar shayi, alawar maƙogwaro,
jadawalin aiki manne da tef.
Marisol, wadda ke faɗowa daga madubi,
nan take bitar jarrabawar jinya,
tocila a baki, tsakanin ihu da ihu.
Dokarmu ɗaya: ba a taɓa baƙo.
Hannun da bai sauka ba ya fi nauyi.

Wannan hudar, kamar bakin kwalba,
ta Wendell ce.
Ta nan yake leƙe yana ƙirga sawu.
Na gaba ya bar shi, wannan cika baki ke tura shi,
na biyu ma ya wuce,
na uku yake jira, wanda ya ɗauka ya sha.
Shekara ashirin da shida bai taɓa makara ba,
bai taɓa gaggawa ba.

A Fabrairu, tafki ya daskare har tsakiya,
muka bi shi asibiti a Toledo.
Likita ya ɗora hoton huhunsa kan haske,
ya nuna mana da biro, nan da nan da nan,
dalla-dalla, kamar yadda nake muku yanzu.
Ba hayaƙi, ba lasifika, fitilu duk a kunne.
Mun ga komai. Mun san inda abin ya laɓe.
Ranar da ya fito mana,
sai da ƙafafuna suka ƙi ɗaukata.

Rigar sanyinsa ce a ƙusar can.
A'a, ba ta cikin kayan wasa.
Sauke wayar, 'yata.

Me ka ce, yaro? Ko ni ina jin tsoro?
A nan ciki, a'a.
Na san wa ya ɗaure kowane kwarangwal,
na san wanda haƙarƙarinsa ke kwancewa in an yi sanyi.
Nuwamba ce ba na so,
in an kwashe kabewa, an rufe Prudence da leda,
ni da shirun gidana har bazara.

Koriyar ƙofar can ta masu fasawa ce,
ba kunya, ana binta kullum.
Mu ta hagu za mu fita, wajen masu tuyar dankali.

Ƙarfe bakwai ake kashe fitilu.
Ku dawo. Kun ga tiyo, kun taɓa soso,
kun san inda farantin yake.
Za ku taka shi.
Wa zai tsaya a hudar Wendell yau?
Ni ce. Ban kai shi haƙuri ba,
amma ina koyon ƙirga uku.