Hagu da Dama a Kan Biyu

Ajin dare a Valparaíso, taga na kallon teku,
jiragen kaya sun lafa kamar shanu a makwanta.
Malam Eleuterio ya ja layi da alli,
ya hau da shi sannu, kamar titin unguwarmu.
Da ya kai saitin biyu sai ya ɗage hannu,
ya bar 'yar da'ira, cikinta fayau.
Can sama ya dasa wani layin dabam.

"Ximena, zo. Sa yatsa daga hagu.
Bi shi. Kar ki taka biyun, matsa dai kusa.
Ina ya dosa?"
Na ce uku.
"To koma dama, ki gangaro."
Na gangaro, alli ya ɓata min farce.
Na ce biyar.

Rigoberto, mai gyaran injin jirgi, ya ɗaga murya daga baya:
"Ga wani ɗigo baƙi a kan huɗu, shi kaɗai,
ai shi ne amsa!"
Malam ya kakkaɓe hannu.
"Wancan inda aka ajiye shi ne.
Mu inda tafiya ta nufa muke tambaya.
Iyakar hagu uku, ta dama biyar;
tunda ba su gaisa ba, babu iyaka guda."

Ni kuwa hankalina ya koma gidan waya,
inda nake awo tun safe.
Tsohuwa Clorinda ta zo da ƙunshi
za ta aika wa ɗanta a ma'adinan arewa.
Allurar sikeli ta haura kilo ɗaya
da abin da bai kai ƙwayar gyaɗa biyar ba,
kuɗin ya yi tsalle.
Ta lalube jaka, ba su cika ba.
Ta kwance igiya da haƙori,
ta zaro safa guda biyu da ta saƙa,
allura ta ja baya, ta faɗo hagu.
Tsakanin farashin nan da wancan
ba matakala, ba gangara.
Rami ne kawai, sai a tsallaka ko a tsaya.

An tashi. Na hau tudu da ƙafa,
iska mai gishiri na tura ni.
Farcena har yanzu fari ne.
Safar nan tana aljihuna, ta mance da ita a kanta.
Gobe zan kai mata,
ko in biya ragowar, ban yanke ba tukuna.