Daren Asabar a Bukuru

A tsohon rumbun kuza
muka jera benci, aron coci da na islamiyya.
Kachollom ta rataye zanenta a igiyar shanya:
kududdufi kore shar, ba kowa a bakinsa.

Sagir ya hau akwatin lemo zai karanta waƙa,
takarda na rawa, ba don sanyin Jos ba.
Baiti na uku ya maƙale.
Mai molo ya rufa masa asiri,
ya yi ta kaɗawa har kalmar ta dawo.

Wani tsoho dai bai tafa ba.
Yana gaban zanen, hula a hannu.
Ya ce, "Ramin nan mu muka haƙa shi.
'Yata, ruwan ya fi haka zurfi."