Ruwan Garinmu

Takardar kuɗin wuta nake nema a ƙasan akwati
sai tsohon fasfo ya faɗo,
an yanke masa kusurwa
kamar kunnen akuyar da aka yi wa shaida.
Na zauna a bakin gado. Tuwon dare ya jira.

Ga hatimin ƙasar Sin, jan tawadar ya ɗan zuba.
Can na yi ciniki kwana tara ban furta kalma ba,
ni da wata mai shagon zif da maɓallai.
Ta danna lamba a kalkuleta, in girgiza kai,
in danna tawa, ta dafe ƙirji kamar na kashe mata uwa.
Ranar tafiyata ta ji ina tari,
ta miƙo ruwan zafi da citta a kofin roba.
Sunanta ya ɓace mini.
Ɗumin kofin bai bar tafin hannuna ba.

Ga na Masar.
Ladanai dubu suna kira a lokaci guda,
ni kuwa kunnena na neman Malam Tanimu na Unguwar Sanusi,
wanda muryarsa ke karyewa a tsakiyar kiran asuba,
ya yi gyaran murya cikin lasifika, ya ɗora.

A Kwatano ɗan acaɓa ya kira ni Hajiya
tun ban taka Makka ba,
ya kuma caje ni kuɗin Hajiya.

Amma tafiyar da ta fi zama a jikina
ba ta da shafi a wannan littafi.
Ba wanda ya buga mini hatimi a hanyar Makurɗi
daren da motarmu ta mutu a daji,
muka zauna kan buhunan lemo, mu goma sha huɗu,
kowa na tsoron na kusa da shi,
har wata Ngodoo ta kwance ƙullin doya gasasshiya
ta ɓalla, ta dangwala a manja, ta miƙo mini babban ɓarin.
Jaririnta ya yi barci a cinyata.
Ya jiƙa mini zane. Ban ce komai ba.

Jos ta koya mini sayen rigar sanyi a gwanjo.
Maiduguri ta bar mini ƙamshi a mayafi
wanda wanki uku bai fitar ba.
A Legas an yanke mini jaka,
an bar mini carbi da rabin goro.

Sai Lokoja.
Mun tsaya sallah, yaron mota ya nuna kogi da haɓa,
ya ce, Inna, ai ruwan garinku na cikin wannan,
tun can sama ya shigo.
Na tsaya ina dubawa kamar mai neman ɗa a taron suna.
Wanne ne namu?
Wanda ya wuce ƙarƙashin gada da safe,
ya ga masu wankin mota, ya ga masu ɗiban yashi,
ya ji jiniyar masaƙar Kakuri zamanin tana numfashi?
Duk ruwan kala ɗaya ne.
Na sa hannu na ɗiba, na yi alwala da shi.

Yanzu gwiwa ta yi mini iyaka.
Daga Kasuwar Barci zuwa Kawo ma sai na yi shawara.
Jikata Nusaiba ta leƙo, ta ga hoton,
ta ce, wace ce wannan mai ƙaramar fuska?
Na ce, wata ce mai yawo.
Ta ce, ina ya fi daɗi a duk inda ta je?

Na buɗe baki, sai aka ɗauke wuta.
Takardar dai ban gan ta ba.
Na ce, kawo fitila tukuna,
ki duba ko tukunya ta kama.