Layin Sama

A rumfar Haj Tijjani, a Mai Wurno, bayan la'asar,
kogi na ta kumbura kamar ƙullin kisra,
aka miƙo mini littafi da biro.
"Yasin, kai ka yi karatu a Sinnar,
rubuta mana mutanenmu,
masu son a ɗaga gaɓar nan kafin ruwa ya yi sallama."

Sunaye ba su ba ni wahala ba,
sittin da huɗu kafin shayi ya huce.
Layin sama ne ya tsaya mini a maƙoshi.
Me zan kira su?

Na rubuta mabiya, na soke.
Mabiyi ƙeya yake kallo,
in na gaba ya faɗa rami, shi ma sai ramin.
Wa ma ake bi a nan? Buhun yashi ba shi da shehi.

Masoya?
Haj Tijjani ya yi dariya har rawaninsa ya zame.
"Ni da Jibir shekara tara ba ma ga maciji
kan iyakar gonar ayaba,
ga shi kuwa sunansa na bin nawa."

Jami'in da ke Sinja zai so mu'ayyidin,
kalma mai guga, tana kyau da hatimi.
Wani yaro ya ce ansar,
dattawa suka yi gyaran murya:
wannan riga mai tarihi ce, a bar ta a adaka.

Akwai waɗanda ba a rubutawa, a ciki ake faɗarsu.
'Yan amshi, masu "haka ne" tun ba ka rufe baki ba.
'Yan kanzagi.
'Yan rakiya, masu juyawa daga bakin tasha.
'Yan a bi Yarima a sha kiɗa,
mun ga yawansu ranar da mota ta zo da sukari.
Sai ɗan gani-kashe-ni guda, Siddiƙ,
zai mari mutum saboda gaɓar nan
amma shebur bai san tafinsa ba.

"Magoya baya," na faɗa da ƙarfi, don in ji nauyinta.
Goggo Zahra mai jabana
ba ta ɗago kai daga gawayinta ba.
"Ka taɓa goyo?
Na goyi bakwai, biyu ba nawa ba ne.
Goyo ba ɗaga hannu ba ne, ɗan nan.
Majanyi ya ci maka ƙirji,
ka yi daka da shi, ka je rafi da shi,
ya jiƙa maka baya, ba ka sauke ba."

Na bar layin fari fat.

Daren Laraba ruwa ya ɓalle ta kwarin masu bulo.
Ladan ya kama lasifika, rabi gayya, rabi nafir,
harshe biyu, kira ɗaya.
Cikin sittin da huɗu, sha tara suka fito.
Amma ga wasu da ban taɓa rubutawa ba:
'yan ƙwadagon bulo biyu, baƙi, ko Hausa ba sa ji,
'yan matan sakandare da tasoshin wanki,
mai amalanken jaki da ake bi bashi a kowace unguwa.
Jibir na miƙa buhu, Haj Tijjani na karɓa,
ba gaisuwa, ba kallon ido, har asuba.
Siddiƙ ya riƙe tocila yana ta ihu,
ihun ma ya hana mu barci.
Goggo Zahra na zuba yashi, jikarta a baya.

Gari ya waye, na laluba aljihu.
Littafi ya sha ruwa, tawada ta narke,
sittin da huɗu sun koma tabo ɗaya mai shuɗi.
Layin sama kaɗai ya tsira, don ba komai a kansa.
Na ari fensir wurin wata yarinya,
na rubuta: waɗanda suka jiƙe.

Jami'in Sinja ya dawo da ita,
wai a sa mata kai irin na hukuma.
Tana nan kan taga da dutse a bisanta,
har yau ba ta gama bushewa ba.