Zomon Igiya

Da asuba muka sauka gulbi,
ni da Guguwa da ƙanwarta Ƙyalla,
akwatin katako ɗaure a bayan moto.
A cikinsa injin tada wata tsohuwar mota,
da ƙwarƙwaron igiya,
da batir mai nauyin ɗan akuya.

Zomaye sun bar wannan rairayi tun ina yaro,
gonaki sun cinye dajin da Baba ya sani.
Saura fatar guda ɗaya, ta yi furfura,
ita nake ɗaurawa a bakin igiya
in ja ta kan yashi
don kada ƙafafun karnuka su manta aikinsu.

Na danna. Igiya ta yi kuka, fata ta tashi,
Guguwa ta miƙe kamar an zare ta daga kube.
Taki arba'in, hamsin,
sai inji ya yi tari,
ya ce ƙyat, ƙyat, ya yi shiru.
Ta cafke zomonta, ta girgiza, ta shinshina,
ta ajiye shi a hankali,
ta juyo ta dube ni.
Ban taɓa jin kunyar mutum kamar haka ba.

Nomau mai cajin batir a Mokoyo
bai ɗago kai ba da na sauke masa kayana.
Ya ce, kafin ka zagi inji, gaida batir.
Ya kankare kan sanda da farce,
farin gari ya zubo kamar gishirin Bilma.
Ka ga wannan? Shi ya shaƙe masa wuya.
Jiƙa kanwa ka wanke, ka shanya,
ka ɗaure kusa da ƙarfi, ka shafa giris.
Ya buɗe murafu shida, ya leƙa kamar mai duba rijiya,
biyu sun ƙafe.
Ruwan batir za ka zuba, ba na randa ba,
kuma ya rufe faranti kawai, kada ya yi ambaliya.

A ina yake kwana?
Na ce, a kan kwanon shago.
Ya yi tsaki. Kai za ka kwana can a watan bazara?
A ba shi inuwa.
Kada ka tatse shi sai ya ƙare,
wanda aka kwana da shi fanko sau uku
ko ya farfaɗo, ba shi ba ne.
Ran da kuka dawo, ran nan zai sha wuta,
in an ɗauke kuran, ka kawo shi kan sola.
In ya cika kuma inji ya ƙi,
nan ne za ka bi waya, ka dubi fis,
ka taɓa ƙwarƙwaro ko yashi ya shige shi.

Jikka ɗaya ya karɓa, ya mayar mini da dala ashirin.

Yanzu batir na kwana ƙarƙashin gadon Baba,
inda ƙasa ta fi sanyi.
Baba ba ya fita, gwiwa ta hana,
amma ranar fita shi ke fara tashi,
ya sa ƙafa ya taɓa akwatin,
ya ce, kun ba shi ya ƙoshi?

Guguwa na bakin ƙofa.
Ta san fata ce. Wutsiyarta na dukan kwano.